Takardar ƙungiya a firam mai wagaggen baki

Akwai wani shago a wani gari tsakanin Wudil da Gaya, ba sai an faɗi layin ba. Da shigarka za ka ci karo da takardar shaidar zama ɗan ƙungiyar masu firam, an rataye ta saitin ƙofa don kada baƙo ya fita bai gani ba. Madalla. Sai dai wanda ya san zarto ba takardar yake kallo ba, firam ɗin da aka sa ta yake kallo. Kusurwar sama ta hagu ta wage baki har tsinken ashana zai shige, an cusa mata garin katako da gam, an bi da fenti ruwan gwal.

Bari a yi wa maigidan bita, tunda ranar da ake wannan karatu a wurin taro yana can makarantun Islamiyya yana karya farashin firam ɗin sauka.

Firam sanda huɗu ne, yanka takwas, kowane yanka digiri 45. Kuskuren rabin digiri a kowanne, in ka tara, digiri huɗu ke nan, kuma duk a kusurwar ƙarshe suke haɗuwa su tona asiri. Sanduna biyu masu kallon juna a jera su baya da baya, tsawonsu ya zo ɗaya. In an matse, a auna gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu. In awon ya saɓa, firam ya karkace. Bakin yanka kuwa shan gam yake kamar ƙasar rani, don haka a shafa kaɗan ya tsotse, a sake shafawa, a ɗaure da madauri, sannan ƙusa ta biyo baya. Wani shi ƙusa ce farko, ita ce ƙarshe.

Babbar cutar dai ɗanyen katako ce. A sauke shi daga Na'ibawa ranar Laraba tsakiyar damina, ranar Juma'a har ya zama firam a kasuwar Wudil. Kyau kam kamar amarya. Amma katako ta faɗinsa yake tsukewa, ba ta tsawonsa ba, shi ya sa da hunturu ya buso sai kusurwa ta buɗe ta ciki. Masu sana'a a inuwa suke jera shi, da ƴan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya yi makonni kafin zarto ya taɓa shi. Jari yana kwanciya, gaskiya ne. To ai bambancin farashin ke nan, malam.

Gilashi mai kaurin milimita 2 ya wadatar wa firam na takardar A4 da mai inci 10 da 12, har mai inci 16 da 20 a lallaɓa. Daga nan sai mai 3. A kuma rage masa milimita 2 zuwa 3 a awo, don in katako ya motsa kada ya tsage shi. Mai 3 na firam mai inci 24 da 36 ya haura kilo huɗu shi kaɗai, amma wani igiyar leda yake ɗaura masa a kan ƙananan ƙusoshi biyu, a je a rataye a bangon ƙasa saman gadon yara. Bayan firam kuma kwalin taliya! Kwali yana shan danshi, yana kiran gara da kyankyaso. In Agusta ta yi, hoton da aka manna wa gilashi ba tazara sai ya like, ranar ɓarewa fuskar ango ta bi gilashi. Hoto a sake wankewa. Takardar shahadar da yarinya ta yi shekaru kafin ta samu fa?

Ita ƙungiya ba don katin aljihu aka kafa ta ba. Ana biyan kuɗin wata. Ana haɗa kuɗi a sari gilashi a Ƙofar Ruwa a mota ɗaya, abin da ya fashe a hanya a raba asarar. Ana tsayar da farashin da ba a sauka ƙasa da shi, ana kuma hana ɗauke yaron wani kafin a yaye shi. Bawan Allahn nan ranar rabon gilashi shi ne na farko, ranar ɗaukar hoto yana sahun gaba da babbar riga. Ranar biyan kuɗi wayarsa ba caji. Gobara ta taɓa ɗan uwa, ya yi tafiya. Yaron da ke yi masa yanka yanzu, kowa ya san a shagon da ya koyi riƙe daimon na yanka gilashi, kuma wata nawa ya rage a yaye shi. In an yi magana ya ce hassada ce. Hassadar me, kwalin ko igiyar?

Ba a kama suna ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Taro na nan tafe. In ya ga dama ya sauko da firam ɗin takardar ya zo da shi, yara za su sake yanka masa kusurwoyin kyauta. Ma'aji dai ya ce a tuna masa ya taho da bashin watannin baya.