Ranar da jakin Turawa ya kunyata ni

Ina ɗan shekara tara lokacin da Baba yake karatu a Nottingham ta ƙasar Ingila, sai ya ce a hutun watan Agusta zai kai mu bakin teku. Ni a raina otal ne mai lifta. Ashe karaban ya kama mana a wani gari mai suna Skegness, wani dogon ɗaki na kwano a kan taya kamar kwantenar 'yan kasuwa, ga su nan reras a fili ɗaya har ka kasa gane naku. Teburin da muke cin abinci shi ake saukewa da daddare ya koma gado, ni da ƙanena mu kwana muna harbin juna, in ruwa ya sauko kuwa, kuma kullum sai ya sauko, rufin nan kamar ana kiɗan kalangu a tsakar kanka.

Mama dai ba ta yarda da cimar Turawa ba, da kukarta da daddawarta ta taho. Tana ɗora miya wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo da ladabi tana tambaya wai ko wani abu ne ya mutu a ƙarƙashin karaban ɗin.

Tekun wurin kuwa, wanda ake kira Tekun Arewa, ƙafa ɗaya na sa na fito a guje, sanyi kamar ƙanƙara, su kuma Turawa suna ta wanka abinsu.

Sai na hango jakuna. An yi masu ado da ƙararrawa, kowanne da sunansa a goshi, yara na hawa ana karɓar kuɗi. Baba ya ce, "Jaki? Jakin da muke ɗibar taki da shi a gona shi zan biya fam na hau? Allah ya kiyaye." Na yi ta kuka har Mama ta kwance bakin zani ta biya.

Kafin in hau na riga na cika wa yaran Turawa baki cewa a garinmu jaki ba komai ba ne, alhali wallahi ban taɓa hawa ba, gani kawai nake in mun je ƙauye da sallah. Na ce mai jaki ya saki linzami, na zungure shi da dugadugai. Ko gezau. Na sake zungura, jakin nan ya yi taku uku ya sunkuyar da kai, sai ga ni na zamo ta wuyansa tim a cikin jiƙaƙƙen yashi.

Mama ta sayo min soyayyen dankali da kifi don in yi shiru, ban kai loma biyu ba wani farin tsuntsun teku, ɓarawo ya fi shirwa, ya fizge kifin ya yi sama.

Har yau in muna mota Baba ya hango jaki sai ya rage gudu ya ce, "Sarkin hawa, ba za ka sauka ku gaisa ba?"