Ƙannena masu ja da Hilux, ku tsuguna ku karanta gefen taya

Assalamu alaikum. Maganata da ku ce, ƙannena masu tuƙa mota mai ja da ƙafa huɗu, ko taku ce ko maigida ne ya damƙa muku makulli. Ina ganinku a hanya kuna jan tankin ruwa zuwa gona, ko janareta, ko injin casa da kaka, ko kwamfaresar masu haƙar burtsatse. Neman halas ne, Allah Ya yi albarka. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda kuke sayen taya. Yaro zai shiga shago idonsa na kan zane kawai: wadda ta fi manyan haƙora, mai farin rubutu a gefe, wadda in an ajiye motar a majalisa za a ce ta yi kwarjini. Ya danna ta da babban yatsa, ya yi ciniki, ya biya. Kilo nawa take ɗauka? Yaushe aka yi ta? Bai tambaya ba.

Ni ma na taɓa yin haka. Cikin wani watan Afrilu, rana tsaka, na ɗauro tanki mai lita 2,000 a tirela, bayan motar kuma buhunan taki da yara uku 'yan ƙwadago a kai. Tayoyin baya ban fi wata biyu da sayensu ba, zanensu ko taɓuwa bai yi ba. Ina kan kwalta sai na ji motar tana kakkarwa, kafin in ɗage ƙafa tayar hagu ta ɓare kamar an feɗe ta, tirelar ta fara wutsiya, ta ja mu zuwa cikin kwari. Allah Ya tsare rayuka, amma ɗaya daga cikin yaran, ɗan maƙwabcina, ya karye a hannu. Ni na kai shi wajen mahaifiyarsa, kuma har gobe ban manta kallon da ta yi mini ba. Wani dattijo mai faci ne ya juya ragowar tayar ya nuna mini abin da ban taɓa karantawa ba. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ba ta lodi ba ce, kuma shekararta bakwai."

To ku tsuguna mu karanta tare. A Hilux da yawa za ku ga 265/65R17 112S. Lambar 265 faɗin tayar ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, 17 kuma girman wili a inci. Kowa ya san waɗannan, da su ake ciniki. Wadda ake tsallakewa ita ce 112, alhali ita ce ke riƙe da ranka: tana nufin taya ɗaya iyakarta kilo 1,120. In 115 ce kilo 1,215, in 120 ce kilo 1,400, in 121 ce kilo 1,450. Harafin S na gudu ne, kilomita 180 a awa, kuma wannan bai dami mai jan tirela ba. A Amurka ma ƙa'ida ce, in aka sa tayar motar fasinja a akori-kura sai an raba nauyin da aka rubuta da 1.1, sai 1,120 ya dawo kusan 1,018.

Yanzu ka yi lissafin abin da ke kan ƙafafun baya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankina tan biyu ke nan, ban da nauyin tirelar kanta. Tirelar da aka loda daidai tana sauke wajen kashi 10 cikin ɗari na nauyinta a kan mahaɗar da ke bayan mota. Mahaɗar nan tana can bayan aksil, saboda haka tana danne baya da fiye da nauyin nata, tana kuma ɗage gaba, shi ya sa sitiyari ke yin sakayau a hannu. Ƙara taki, ƙara mutane, ƙara jarkokin mai. Duk a kan tayoyi biyu.

Wannan ne dalilin da ya sa mai ja yake neman tayar da sunanta ya fara da LT, irin LT265/70R17. An gina ta ne don ƙananan motocin lodi, jikinta ya fi kauri, gefenta ba ya lanƙwashewa yadda na fasinja ke yi, don haka tirela ba ta samun damar kaɗa bayan motar da sauƙi. Ita ma aji-aji ce. Za ka ga C ko 6PR, D ko 8PR, E ko 10PR, alamomin ƙarfin jikin tayar ke nan. Ajin C iyakar iskarta 50 a ma'aunin psi na geji, D 65, E 80. Mai jan abu mara nauyi sau ɗaya a wata, C ko D ta ishe shi, motar ma za ta fi laushi. Wanda kullum yana ɗauke da tan biyu a kan burji mai duwatsu da kututture, ya nemi E.

Sai dai ga inda masu LT ɗin ma suke faɗawa rami, kuma ina roƙonku ku tsaya a nan. Robar ba ita ke ɗaukar kaya ba, iskar da ke ciki ce. LT265/70R17 mai lamba 121 tana ɗaukar kilo 1,450 ne in iskarta ta kai 80. Ka sa mata 35, abin da za ta ɗauka bai kai kilo 900 ba, ƙasa da tayar fasinjar da ka cire. Ka kashe kuɗi mai yawa, ka koma baya. Don haka in ka canza zuwa LT, lambar iska da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ba ta wadatar ba, an rubuta ta ne don tayar da motar ta zo da ita. Masu ƙera taya suna da jadawalin nauyi da iska, ka sa dila ya nuna maka, ko ka neme shi a intanet. Ba kuma cewa na yi ka ɗura 80 ka kama hanya ba. Wannan iyaka ce, kuma wilinka da bawul ɗinka suna da tasu iyakar. Mota ba kaya da iska 80 tsalle za ta riƙa yi, birki ya ragu, tsakiyar tayar ta cinye.

Ƙarancin iska shi ke dafa taya. Gefenta yana lotsewa yana miƙewa a kowane juyi, zafi na taruwa a ciki har zanen ya rabu da wayar da ke ƙarƙashinsa. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, samfurin ATX da Wilderness AT, waɗanda akasarinsu ke kan Ford Explorer. Zanen ne ke ɓarewa ana cikin gudu, motoci suna kifewa, mutum fiye da 200 suka mutu. Kamfanonin biyu sun yi ta ɗora wa juna laifi, kuma cikin abin da suka yi jayayya a kai har da iska: Ford ya ce a sa 26, Firestone ya ce 30. Abin ya fi tsanani a wurare masu zafi, kudancin Amurka da Saudiyya da Benezuwela. To mu da a Sakkwato da Maiduguri zafin bazara ke haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba, wa ya kamata ya fi jin tsoro?

Ka sayi gejinka ka ajiye a mota. Ka auna da safe kafin ka motsa. In ka yi tafiya ka ga iskar ta hau, kada ka bari mai faci ya sace ta, hawan nan na zafi ne, in ta huce za ta sauka. Bugun taya da ƙarfe a saurari ƙararta ba awo ba ne. In yashi ya sa ka rage iska don ka fita, ka mayar da ita kafin ka hau kwalta, ko da za ka ɓata rabin awa.

Batun zane kuwa ba shi da tsawo. H/T ta kwalta ce, M/T ta taɓo, A/T tana tsakani. Ga wanda rabin tafiyarsa kwalta ce rabi burji, A/T ce daidai. M/T da kuke sha'awa tana da ƙugi, tana shan mai, tana saurin cinyewa in ana ja, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta kama ƙasa kamar A/T. Haka ƙara girma. Ka tashi daga 265/65R17 zuwa 285/70R17, tsayin tayar ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari. Ƙarfin ja ya ragu da kwatankwacin haka, giya da kuloci suna wahala a hawa, birki yana ƙara aiki, kuma in agogo ya nuna 100 kana kan 107 ne. Sannan babu tayar da za ta ƙara wa aksil ko mahaɗa ƙarfin da kamfani bai ba su ba. Tirelar da ba ta da birkin kanta, iyakar da Toyota ya sa wa Hilux kilo 750 ce. Tankina na ranar nan ba shi da birki.

Na san kuɗi ne ke tura mutum wajen 'yar Belgium, wato tsohuwar tayar da aka shigo da ita daga waje. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008, muka koma dogaro da na waje, kuma duk tashin dala a kan taya yake sauka. Amma tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su, kuma hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama sababbi da aka cusa wata cikin wata don a rage kuɗin kwantena, abin da ke lanƙwasa wayar bakin taya tun kafin ta taɓa ƙasa. Ka nemi inda aka rubuta DOT, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Michelin da kansa yana cewa in taya ta shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko zanenta na nan. Wadda ta sha rana a bakin shago kuma aka ɗora mata tan biyu, ni ba na jira ta kai ko kusa da haka. In an kankare lambobin, ka ajiye ta ka fita. Za ka ji wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma yaran da ke zaune a bayan motarka ba su suka zaɓi tayar ba.

In kuɗinka ba su kai huɗu ba, ka sayi biyu iri ɗaya ka sa su a baya, ka tara na sauran da wuri, domin in girman tayoyin gaba da na baya ya bambanta, ranar da ka sa giyar ƙafa huɗu injin rabon ƙarfi ne zai sha wuya. Safaya ita ma ta zama girmansu ɗaya da ajinsu ɗaya. Tayoyin tirelar kuma, waɗanda aka saba jefa musu duk abin da mota ta gaji da shi, a duba lambar nauyinsu da shekararsu kamar na motar. Ni yanzu duk ranar da na ɗaura tanki, in na yi tafiyar rabin awa sai na sauka gefen hanya in zagaya, in ɗora tafin hannuna a kan kowace taya, ta mota da ta tirela. Wadda na ji ta fi 'yan uwanta zafi, ba na tashi daga wurin sai na ciro geji.