Wadatar Zuci da Ciwon Hangen Abin Hannun Wani

Akwai mutanen da suke da abin sawa a baki da wurin kwana da ƙoshin lafiya, amma da dare ya yi sai barci ya ƙaurace wa idanunsu, kuma idan aka bi diddigin damuwar tasu za a tarar hangen abin da ke hannun wani ne ya hana su sukuni. A ganina wannan ciwo ya yaɗu fiye da yadda muke zato.

Tun a shekarar 1954 masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya bayyana cewa mutum kan auna kansa da wasu a duk lokacin da ya rasa tsayayyen ma'aunin da zai san matsayinsa da shi. A da, ma'aunin bai wuce maƙwabta da abokan aiki ba, waɗanda kake ganin daɗinsu kuma kake ganin wuyarsu. Yau kuwa waya tana kawo maka dubban mutane har kan shimfiɗarka, kowa ya zaɓi ranar da ya fi kyau ya nuna, ya ɓoye bashinsa da hawayensa. Ta yaya zuciya za ta natsu alhali kullum ana gwada ta da abin da ko mai shi ba haka yake rayuwa ba?

Ko da an samu abin da ake hangen, daɗinsa ba ya daɗewa. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa sun yi nazari a kan wasu mutane a Amurka da suka ci maƙudan kuɗi a caca, suka gano cewa farin cikinsu bai ɗara na sauran jama'a da wani abin a zo a gani ba, har ma ƙananan abubuwan yau da kullum sun rage yi musu daɗi. Rai yana saurin sabawa da ni'ima, sannan ya miƙa wuya ga ta gaba. Shi ya sa nake ganin zurfin hikimar hadisin da ya umarce mu da mu dubi wanda yake ƙasa da mu a abin duniya, domin kada mu raina ni'imar da Allah ya yi mana.

Sai dai ban yarda a mayar da wadatar zuci mutuwar zuciya ba. Mai wadatar zuci yana fita nema, yana gumi, yana fatan gobensa ta fi yau, illa dai bai ɗaure kwanciyar hankalinsa a jikin abin da bai zo ba tukuna. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a ga mai hali ya danne haƙƙin ma'aikacinsa wata da watanni, sannan ya zauna yana yi masa wa'azin haƙuri da godiya. Wanda 'ya'yansa suka kwana da yunwa saboda an riƙe masa ladan aikinsa, haƙƙinsa ya kamata a fara biyansa, kuma wanda ya riƙe shi ne ya fi buƙatar jin wannan wa'azi.