Mai keke ma yana da haƙƙi a kan kwalta

A shekarar 2016 'yan sandan yankin West Midlands na Ingila, inda nake zaune a birnin Bamingham, suka ɓullo da wata dabara ta kama direbobin da ke matse masu keke wajen wucewa. Ɗan sanda yakan sa kayan gida ya hau keke, idan mota ta gifta dab da jikinsa sai ya sanar da abokan aikinsa da ke gaba su tare direban. A nan gefen titi ake shimfiɗa masa tabarma mai zanen tazarar da ta kamata, a nuna masa da idonsa, wanda kuwa gangancinsa ya yi yawa a gurfanar da shi. A Janairun 2022 aka rubuta a ƙa'idojin hanya na Birtaniya cewa direba ya bar wa mai keke aƙalla mita ɗaya da rabi idan gudunsa bai wuce mil 30 a sa'a ba, ya ƙara idan ya fi haka.

A ƙauyukanmu na Jigawa dokar da ke aiki daban ce, kuma ba a rubuce take ba: da zarar an danna oda, mai keke ya sauka daga kwalta. Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ya ga dattijo da buhun gero a kariya, ko ɗalibi goye da ƙaninsa, yana faɗawa cikin yashi saboda tirela ko motar haya da ta cika maƙil. Bakin kwaltar a wurare da yawa ya zaizaye, don haka saukar kanta haɗari ce, iskar babbar mota kuwa ta isa ta kayar da mutum ko ba ta taɓa shi ba. Idan abin ya faru sai a ce tsautsayi ne, har ma a tambayi abin da ya hana shi kaucewa.

Ba na cewa direbobin Ingila sun fi namu tausayi. A nan ma ana matse mutane kullum. Bambancin shi ne mai keke a nan yana da ƙungiya da kyamara, yana iya aika wa 'yan sanda bidiyo, namu kuwa manomi ne da ba shi da wanda zai yi magana da yawunsa.

Shi ya sa nake ganin nauyin yana kan hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1988, da shugabannin direbobi a tashoshi. Dabarar nan ba ta buƙatar komai sai keke da waya da jami'ai biyu ko uku. A gwada ta a ranakun kasuwa, a kuma kai tabarmar cikin tasha, domin direban haya ya fi jin maganar ciyaman ɗin tasharsa a kan kowane allo da aka kafa a bakin hanya.