Macmillan: Firaministan da ya yi wa daula lissafin riba da asara

Duk lokacin da aka tuna Harold Macmillan, tsohon firaministan Ingila, maganar da ake fara ɗaukowa ita ce jawabin da ya yi a majalisar Afirka ta Kudu a Cape Town ranar 3 ga Fabrairun 1960, inda ya gaya wa Turawan wariyar launin fata cewa guguwar sauyi na kaɗawa a nahiyar. Wasu har suna ɗaukarsa masoyin Afirka. Ni dai ban yarda ba. Abin da nake gani mai lissafi ne, kuma ba abin mamaki ba ne ga jikan mai kamfanin buga littattafai.

Ku duba yadda ya hau mulki. A 1956 yana ministan kuɗi, yana cikin na gaba-gaba wajen zuga firaminista Anthony Eden ya afka wa Masar saboda mashigin Suez. Da Amurka ta juya baya, fam ya fara tangal-tangal, shi ne kuma ya fara cewa a janye. Eden ya tafi da kunya, Macmillan ya gaji kujerarsa a Janairun 1957. Bai jima da zama ba ya nemi jami'ansa su tsara masa ribar da Ingila ke samu da asarar da take yi a kowace ƙasa da ta mallaka, tamkar ɗan kasuwa mai duba wane shago zai rufe.

Sannan ga gemun maƙwabci ya kama da wuta. Faransa ta maƙale a yaƙin Aljeriya. A Kenya kuwa, a Maris ɗin 1959, masu gadin sansanin Hola suka lakaɗa wa fursunonin Mau Mau, masu tawaye ga mulkin Ingila, duka har 11 suka mutu, aka fara da cewa wai ruwa suka sha ya kashe su. Abin ya tayar da ƙura a majalisar London, har cikin jam'iyyarsa ta Conservative. Bayan ya lashe zaɓen Oktoban shekarar da rinjayen kujeru 100, sai ya ɗora Iain Macleod, mai ra'ayin a gaggauta ba da 'yancin kai, kan ma'aikatar mulkin mallaka. Lokacin da ya biyo ta Ghana da Najeriya a Janairun 1960, an riga an tsayar da ranar 1 ga Oktoba don 'yancin kan Najeriya, tafiyarsa ba ta ƙara mana komai ba.

Ban hana shi nasa ba. Talaucin da ya gani a Stockton, mazaɓarsa ta farko, ya taɓa shi, kuma da yana ministan gidaje ya cika alƙawarin gina gida 300,000 a shekara. Faɗa wa Verwoerd, firaministan Afirka ta Kudu, gaskiya a cikin gidansa ma ba ƙaramin abu ba ne.

Amma inda lissafin ya yi tsada, sai ya noƙe. A Rodeshiya ta Kudu (Zimbabwe ta yau) akwai Turawa 'yan kaka-gida waɗanda danginsu ke da ƙuri'a a Ingila, don haka ya yi ta jan ƙafa. Ya kori ministoci bakwai a 1962, shugaban Faransa De Gaulle ya rufe masa ƙofar kasuwar Turai, abin kunyar ministansa na yaƙi, Profumo, ya biyo baya, rashin lafiya ta sauke shi a Oktoban 1963. Shekara biyu bayan haka Ian Smith, jagoran Turawan Rodeshiya, ya ɓalle daga Ingila, baƙaƙen ƙasar suka jira har 1980.