Rana tsaka ba ita ce ta fi dacewa da ɗaukar hoto a titi ba

Abin yana ɗan damuna, sau da yawa sai ka ji mutum ya ce bari rana ta take tukunna sannan ya fita zaga gari da wayarsa yana ɗaukar hoto, wai haske ya fi yawa. Kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, kamara na son haske, hoton dare ma ai duk dishi-dishi yake fitowa.

Amma ba yawan hasken ba ne, ta inda yake zuwa ne. Wajen azahar rana tana saman kai, sai inuwa ta zauna a ƙarƙashin ido da bakin hula, ita kuwa farar shadda ta yi fau har ɗinkin wuya ya ɓace, domin kamarar waya ba ta cika iya riƙe wuri mai tsananin haske da mai duhu a hoto ɗaya ba, sau da yawa ɗaya yakan lalace.

Je ka marinar Ƙofar Mata a Kano da hantsi ko bayan la'asar, rana ta karkata gefe, za ka ga shuɗin baba ya fito sosai, fuskar marini ma ta fito, in ka nemi izininsa dai kafin ka ɗauka. Lokacin hunturu kuma hazo yana rage kaifin ranar, ko da rana sai a samu sauƙi.