Asirin wa aka rufa?

An yi sulhu. Labarin da na tashi da shi ke nan yau da safe, kuma tun lokacin ko ruwa ya ƙi wuce mini a maƙogwaro. Waɗanda suka karanta abin da na rubuta ranar Talata sun san yarinyar da nake nufi, wadda wani mai shago a layinmu ya yi wa fyaɗe. Shekararta 11. An zauna a zaure bayan sallar isha'i, maza zalla, an yi addu'a an shafa, an miƙa wa uban ambulan an ce kuɗin magani ne. Uwar tana cikin gida, ba wanda ya ce a kira ta. Gobe za a sa yarinyar a mota a kai ta ƙauye wurin gwaggonta, wai har ƙura ta lafa. Shi kuwa mutumin, jiya da yamma na gan shi da idona a bakin shagonsa yana auna wa yara sukari.

Dattawan sun ce rufin asiri suka yi. To ina tambaya, asirin wa aka rufa?

Ita dai yarinyar, duk layin nan babu wanda bai san abin da ya same ta ba, har masu tallan ruwa sun sani. Ita aka cire daga makaranta. Ita za a raba da uwarta a lokacin da ta fi bukatarta. Nan da shekara shida ko bakwai, in mai neman aure ya fito, ita ce za a ja shi gefe a ce masa ya dai ƙara bincike. Nata asirin a buɗe yake, kuma ba ita ta buɗe shi ba. Wanda aka lulluɓe shi ne magidancin da ya ja ta cikin shago. Shi ba a kai shi ƙauye ba, ba a rufe masa shago ba, matarsa ba ta yi yaji ba, sahun da yake tsayawa a masallaci ma bai canja ba. Duk zaman da aka yi a zauren nan, shi aka yi wa aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwanakin da aka ɓata. Kwana biyar ana kai gwauro ana kai mari tsakanin gidan wannan da gidan wancan, ana cewa kada a kai ta asibiti tukuna, kada magana ta fita. Jama'a, maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar ƙanjamau bayan irin wannan abu, cikin awa 72 ake fara shan sa. In kwana uku suka wuce, an rasa damar. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa shi ma kwanakinsa ƙidayayyu ne, bai wuce biyar ba. Uwar, baiwar Allah, saboda kunya da ruɗewa ta gasa ta da ruwan zafi da bagaruwa, ta wanke kayan da ke jikinta tas. Ba na ganin laifinta, abin da aka koya mata ke nan. Amma shaidar da likita zai rubuta, wadda alƙali zai duba, ta bi ruwan wanki. Akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala a Kano, akwai cibiyar Salama a Kaduna, akwai ta Nana Khadija a Sakkwato, an buɗe su ne takanas domin irin wannan. Cikin dattawan da suka zauna, ba wanda ya ambaci ko ɗaya.

In kuma ciki ya shiga fa? Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ba ta yarda a taɓa ciki ba sai in ran uwar ne ke cikin haɗari. Ba zan buɗe wannan muhawarar yau ba. Sai dai ku lura, mutanen da za su fi kowa ɗaga murya in aka ji an kai yarinya bayan kemis, su ne dai waɗanda suka hana a kai ta asibiti tun ranar farko, lokacin da ƙwaya ɗaya ta isa ta hana a kai ga haka. Sai a wayi gari 'yar shekara 12 ko 13 tana naƙudar kwana biyu, ta ƙare da yoyon fitsari. Shi ma wannan za a ce a rufa asiri.

Na ga masu rubuta mini cewa addini ya ce a suturta Musulmi. Malamaina, ku ji tsoron Allah. Suturar da aka yi umarni da ita ta wanda ya saɓa tsakaninsa da Ubangijinsa ce. Wanda ya danne 'yar mutane haƙƙin wani ne a wuyansa, kuma barin sa a sake barin sa ne ga 'yar maƙwabci ta gaba. A cikin Muwaɗɗa, littafin da kowane almajirin ilimi a ƙasar nan ya sani, an kawo cewa Sayyidina Umar ya yi wa wani bawa bulala ya kore shi daga gari saboda ya tilasta wa wata kuyanga, ita kuwa bai taɓa ta ba. Shi aka kora daga gari. Mu nan ita muke kora. Kuma da Usama ɗan Zaidu ya je neman sassauci ga matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, kowa ya san yadda fuskar Manzon Allah (SAW) ta canja, da abin da ya faɗa game da al'ummun da suka halaka saboda suna ƙyale mai daraja su hukunta mai rauni. Da mutumin nan almajiri ne ko ɗan ga-ruwa, da tuni matasan unguwa sun yi masa jina-jina kafin 'yan sanda su iso. Yana da shago, yana ba da bashi, yana da 'yan uwa masu faɗa a ji. Shi ya sa aka tuna da sutura.

Masu cewa me ya sa yarinyar ba ta faɗa da wuri ba, ku tuna Bariya Ibrahim Magazu. A shekarar 2000, a Tsafe ta jihar Zamfara, aka same ta da ciki. Ta ce maza uku ne suka tilasta mata. Su suka musanta aka sallame su, ita aka yanke mata bulala 100, har da ƙarin 80 na ƙazafi da daga baya aka janye. A watan Janairun 2001 aka yi mata ɗarin. Kowace uwa da ta ji wannan labari ta ɗauki darasi, kuma darasin shi ne mai faɗa ita ke shan wuya. Da wannan muka reni 'ya'yanmu, sannan muna mamakin shirunsu.

Doka kuwa ba rashinta muke yi ba. Tun 2015 aka sa hannu a dokar VAPP, ta hana cin zarafin mutane. A 2020, bayan kisan Uwaila a coci a Benin da na Barakat a Ibadan, da yarinyar nan 'yar shekara 12 ta Jigawa da aka kama maza 11 a kanta, gwamnoni sun ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Sufeton 'yan sanda na lokacin ya ce daga Janairu zuwa Mayun shekarar an kai musu ƙorafi 717. Waɗanda suka kai ofis ke nan, ban da na zaure. A watan Satumba jihar Kaduna ta yi dokar dandaƙa, har da kisa ga wanda ya yi wa ƙaramar yarinya. An yi ta tafi. Amma ko dokar ta kai wuƙar yanka kaifi, me za ta yanka in maganar ba ta taɓa fita daga zaure ba? Alƙali ba ya hukunta abin da ba a kawo gabansa ba. Wanda ya karɓi ambulan ya janye ƙara, da wanda ya matsa masa ya karɓa, su suka kashe dokar.

Wasu sun ce na zama 'yar feminis, ajandar Turawa nake yi. Ku kira ni duk abin da kuka ga dama. Haka aka ce wa matan #ArewaMeToo, masu fallasa masu cin zarafin mata a intanet, a 2019, har 'yan sanda suka je suka ɗauke ɗaya daga cikinsu, Maryam Awaisu, a Kaduna. Ni dai ba Bature ne ya koya mini jin zafin kukan yarinya ba. Ina da 'ya mai shekara 9, kuma shagon nan nake aikenta sayen magi. Masu cewa in bar wa Allah, ai Allah ne ya ɗora mana amanarsu. Masu cewa uban talaka ne, ba zai iya zirga-zirgar kotu ba, wannan gaskiya ne, na yarda. To kuɗin da aka haɗa aka sa a ambulan, da goyon bayan da aka tara a zaure, me ya hana a tara su a raka shi kotu?

Ga iyaye mata 'yan uwana, don girman Allah, in Allah ya jarrabce ki da irin wannan, kada ki yi mata wanka, kada ki wanke kayan, ki ɗauke ta ki nufi asibiti a ranar, ko da mijinki bai dawo daga kasuwa ba. Ki faɗa mata da bakinki cewa ba laifinta ba ne, domin duk garin akasin haka za su nuna mata.

Af, sai ku kuma masu ɗora hotonta a Facebook da WhatsApp kuna rubuta a nema mata adalci. Na ƙirga mutum huɗu a cikin abokaina, ɗaya har da sunan makarantarsu ya sa. Na san wasunku da kyakkyawar niyya kuka yi, amma hoton nan zai daɗe yana yawo bayan kun manta da maganar, ita kuwa za ta girma ta same shi. Ku goge shi yau. Wadda ta turo mini ta akwatin saƙo tana neman in yaɗa, Yaya, na gode, amma ba zan yaɗa ba, kuma ke ma ki cire shi daga wayarki.